Bin Sawun Tambayoyin Ƴan Majalisa a kan Kiwon Lafiya

Tun da aka rushe Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mutane da dama sun ɗauka cewa duk abin da aka faɗa a zaurenta ya tafi tare da ita. Ni ban yarda da haka ba. Ƴan majalisar sun watse, kowa ya kama gabansa, amma tambayoyin da suka yi wa ministoci da amsoshin da ministocin suka bayar suna nan, kuma a fannin kiwon lafiya da kula da marasa ƙarfi kaɗan ne shaidun da suka kai su nauyi, domin a wannan zaure ne ake sa wanda ke riƙe da ma'aikata ya faɗi adadi da ranar wata da bakinsa, a gaban jama'a. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka faɗa a majalisa tana da masu rubutawa. Wahalar tana wajen nemo ta, sannan da sanin yadda za a karanta ta idan an samo.

Ina cikin kwamitin kula da wata cibiyar lafiya ta CSI a gefen garin Tawa, irin kwamitin da unguwa ke zaɓa domin ya sa ido a kan kuɗin da ke shiga da maganin da ke fita. Abin da ya kai ni ga takardun majalisa shi ne wata tambaya da wata dattijuwa daga cikinmu ta yi a wajen taro. Mun shiga ɗakin ajiyar magani ne muna duba kantoci, muka tarar da kwalaye a jere, amma da aka ɗaga su sai aka ji yawancinsu babu nauyi. Ta juyo ta dube ni, saboda ni ne mai karanta Faransanci a cikinmu, ta ce: "Ɗana, an ce maganin yara kyauta ne, kuma ga uwa ana ba ta takarda ta je ta saya a farmasi. Wane ne bai biya ba, kuma wane ne ya taɓa tambayarsa?" Na ce mata: "Inna, na farkon na san amsarsa, na biyun kuwa sai na bincika."

Na farkon ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou, a ƙarshen 2005, aka mayar da tiyatar fidda jariri kyauta a asibitocin gwamnati, a 2006 kuma aka ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da magungunan tazarar haihuwa. Tsarin shi ne asibiti ya duba yaro ya ba shi magani ba tare da karɓar ko dala ba, ya cika takardun neman biya bisa ƙayyadadden farashi, takardun su haura zuwa gunduma, daga can zuwa Yamai, ma'aikatar lafiya ta tantance, baitulmali ya mayar wa asibitin kuɗinsa. Kafin wannan tsari, tun daga manufar da ƙasashen Afirka suka amince da ita a Bamako a 1987, ƙananan asibitoci suna sake sayen magani ne da ɗan abin da marasa lafiya ke biya. Da aka ɗauke biyan daga kan yara, waɗanda su ne kaso mai yawa na masu zuwa, sai rayuwar ɗakin magani ta rataya a kan saurin baitulmali. Baitulmali kuwa ya riƙa jinkiri na watanni, wani lokaci na shekaru, bashin ya taru, kantoci suka bushe. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun yi dogon aiki a kan wannan, kuma duk ma'aikacin lafiya da ya yi aiki a waɗannan shekaru zai ba ka labarinsa ba tare da ya buɗe littafi ba.

Mai neman muhawarar da majalisa ta yi kafin a kafa wannan tsari zai ɓata lokacinsa, domin ba da dokar majalisa aka kafa shi ba. Umarnin gwamnati ne da na minista, kuma irin wannan umarni ba ya bi ta zauren ƴan majalisa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a tantance kafin a taɓa salula ko a hau motar Yamai: abin da nake nema doka ce da aka kaɗa wa ƙuri'a, ko umarni ne da aka sa wa hannu a taron majalisar ministoci? Idan doka ce, akwai rahoton kwamiti, akwai muhawara, akwai ƙuri'a. Dokar lafiyar haihuwa ta Yunin 2006, da dokar yaƙi da shan taba ta Mayun wannan shekarar, da dokar 2018 da ta shimfiɗa ginshiƙan kare marasa ƙarfi, da ta 2019 a kan haƙƙin naƙasassu, duk sun bi wannan hanya. Idan kuwa umarni ne, sawun majalisa ba ya bayyana sai daga baya, a cikin tambayoyin da aka yi wa minista a kan yadda ake aiwatar da shi, da kuma lokacin muhawarar kasafin kuɗi. Haka nan, shekarun da babu majalisa, kamar daga Fabrairun 2010 zuwa farkon 2011, ko daga Yulin 2023 zuwa yau, dokokinsu suna fitowa ne kai tsaye daga hukumar da ke mulki, don haka babu muhawarar zaure da za a nema.

Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 2023, ya ba ƴan majalisa, ɗaiɗaikunsu ko a ƙungiyance, ikon kiran Firaminista ko kowane minista ya zo ya yi bayani, ya kuma ce wanda aka kira ba shi da damar ƙin zuwa. Ya ba su ikon neman bayani ta hanyar tambaya a rubuce ko ta baki a kan duk wani aikin gwamnati. A aikace, abin da jama'a suka fi sani shi ne kiran minista, wanda takardu ke rubutawa da sunan interpellation, da kuma zaman tambayoyi a kan al'amuran da ke faruwa a lokacin. Bambancinsu yana da amfani ga mai bincike. A zaman tambayoyin gaggawa, ɗan majalisa yana da ƴan mintoci, minista ma haka, kuma amsar takan fito a dunƙule. A kiran minista kuwa, an aika masa da tambayoyin tun da wuri, daraktocinsa sun zauna sun haɗa masa alƙaluma, ya zo da rubutaccen jawabi, sannan a buɗe muhawara. Idan adadi kake nema, a nan za ka same shi. Tambaya a rubuce ita ce ta fi kowace natsuwa, amma ita ce kuma ta fi saurin ɓacewa daga idon jama'a, tunda babu kyamara a wurin kuma babu ɗan jarida da ya ji ta.

Kundin ya tanadi cewa zaman majalisa a buɗe yake ga kowa, kuma a buga cikakken rahoton muhawara a jaridar hukuma, wato Journal officiel. Sai dai mutumin da ke zaune a Tawa, fiye da kilomita 500 daga Yamai, ba daga nan zai fara ba. Ni daga kalanda nake farawa. Jamhuriya ta bakwai, wato zamanin mulkin da wannan kundi ya kafa, ta yi majalisa uku: ta 2011 mai kujera 113, wadda Hama Amadou ya shugabanta kafin Amadou Salifou ya karɓa a 2014, ta 2016 mai kujera 171 a ƙarƙashin Ousseini Tinni, da ta 2021 a ƙarƙashin Seini Oumarou. A wancan zamani, kowace shekara akwai zama biyu na yau da kullum, na farko na dokoki, na biyu na kasafin kuɗi a watannin ƙarshen shekara. Sai in haɗa wannan da sunayen waɗanda suka riƙe ma'aikatar lafiya, domin sunan minista ya fi sunan cuta saurin kai ka ga labari: Soumana Sanda daga 2011, Mano Aghali daga 2013, Kalla Moutari a 2016, sannan Dakta Idi Illiassou Maïnassara, wanda ya fi su daɗewa kuma shi ne a kan kujerar har 2023. Sunan ma'aikatar ma ya sauya, domin a 2021 an haɗa mata al'amuran yawan jama'a da na jin daɗin al'umma, kuma wanda bai lura da haka ba zai riƙa neman takardun wata shekara da sunan wata.

Daga nan sai jaridun gwamnati. Le Sahel da Sahel Dimanche, da kamfanin dillancin labarai na ANP, su ne suka fi bibiyar zaman majalisa a kai a kai, kuma da yake a lokacin sau da yawa ranar Asabar ake kiran ministoci, fitowar Litinin ce ke ɗauke da rahoton. A injin bincike nakan rubuta site: sannan adireshin jaridar, in bi shi da sunan minista da kalmar interpellation, in kuma sa abin da nake nema da Faransanci, tunda da shi aka rubuta takardun. Tsofaffin shafukan da suka ɓace daga intanet, har da na majalisar kanta, wani lokaci ana samun kwafinsu a rumbun Wayback Machine. Akwai kuma bidiyoyin Télé Sahel da na tashoshi masu zaman kansu a YouTube da Facebook, kuma ina ba su muhimmanci saboda dalili ɗaya: wasu ƴan majalisa sukan yi magana da Hausa ko Zabarmanci, kuma sau da yawa su ne ke kawo kokensu daga ƙauye kai tsaye, su ambaci asibitin da babu ungozoma ko motar ɗaukar marasa lafiya da ta mutu, amma rahoton jarida yakan taƙaita duk wannan a layi ɗaya, ya ce ƴan majalisa sun nuna damuwarsu. Rahoton jaridar gwamnati yana ba da fili mai faɗi ga jawabin minista, ya matse na masu tambaya, don haka shi kaɗai ba ya isa.

Idan na kwatanta da yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu, sai in ga girman aikin da ke gabanmu. A Birtaniya, rahoton muhawara da ake kira Hansard yana intanet, kuma kowace tambaya a rubuce tana da lambarta, da ranar da aka yi ta, da ranar da aka amsa, da sunan ɗan majalisar da na ministan. Mutum yana iya zaɓar ma'aikatar lafiya da kula da jama'a, wadda ta ɗauki wannan suna a Janairun 2018, ya ga duk abin da aka tambaye ta a kan jiran tiyata ko gidajen kula da tsofaffi. A Faransa ana buga tambaya da amsarta a jaridar hukuma, ministoci suna da wata biyu su amsa, kuma tambayoyin sun yi yawa har aka ƙayyade wa kowane ɗan majalisar wakilai guda 52 a shekarar zama. Ban kawo wannan don yabon kowa ba, domin a can ma ministoci sun ƙware wajen amsa tambaya ba tare da sun faɗi komai ba. Abin da nake sha'awa shi ne lambar da ranar, saboda su ne ke nuna tambayar da aka yi watsi da ita. Tambayar da ba ta da lamba, idan aka ƙi amsa ta, babu wanda zai san an taɓa yin ta.

Samo amsar minista rabin aiki ne. A maganar kuɗin lafiya akwai adadi uku da suke kama da juna a kunne amma suka sha bamban a ɗakin magani: abin da majalisa ta amince da shi a kasafi, abin da ma'aikatar kuɗi ta saki, da abin da ya isa asusun asibiti. Minista mai wayo yakan amsa da na farkon alhali an tambaye shi na ukun. Zai ce gwamnati ta ware biliyan kaza domin maganin yara kyauta, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai warewa ba biya ba ce. Saboda haka nake karanta kowace amsa da alƙalami a hannu, ina ja wa aikatau layi: an tanada, an tsara, ana shirin, an saki, an biya. Wanda ya saba da wannan karatu zai ga cewa amsa mai shafi biyu tana iya ƙarewa ba tare da "an biya" ta fito ko sau ɗaya ba. Domin a gano adadi na biyu da na uku, sai an bar tambayoyin an koma ga dokar rufe kasafi, wadda ke zuwa majalisa bayan shekara ta wuce tana nuna abin da aka kashe a zahiri, da kuma rahotannin Kotun Binciken Kuɗin Ƙasa. Waɗannan takardu ba su da daɗin karatu, kuma sukan zo a makare, amma su ne ke gaskata minista ko su ƙaryata shi. Akwai kuma ma'auni ɗaya da ya dace a riƙe: a Abuja, a Afrilun 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma kason da Nijar ke bayarwa ya daɗe yana ƙasa da haka sosai.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne kwamitin majalisa mai kula da al'amuran jama'a da al'adu, wanda lafiya ke ƙarƙashinsa. A lokacin da akwai majalisa, kafin kasafin ma'aikatar lafiya ya iso zaure, wannan kwamiti ne ke zama da minista da daraktocinsa, kuma a irin wannan zama, inda babu kyamara, ake yin tambayoyin da suka fi ma'ana. Rahoton da kwamitin ke karantawa a zaure yakan ƙunshi tambayoyin da amsoshinsu a jere.

Ɓangaren kula da marasa ƙarfi ya fi na lafiya wahalar bi, domin ba a hannun minista ɗaya yake ba. Tallafin kuɗi da aka fara ba gidaje matalauta a shirin da Bankin Duniya ya mara wa baya daga 2011, jaka 10 (sefa 10,000) a wata, yana ƙarƙashin ofishin Firaminista, tare da hukumar rigakafin ƙarancin abinci. Fanshon ma'aikatan kamfanoni yana hannun CNSS, na ma'aikatan gwamnati yana hannun CARENI. Marayu, naƙasassu da tsofaffi sun riƙa yawo daga wannan ma'aikata zuwa waccan duk lokacin da aka yi wa gwamnati garambawul. Tamowa kuwa, wadda mu a jihar Tawa muka san zafinta tun kafin yunwar 2005, rabinta lafiya ce rabinta abinci. Mai neman tambaya a kan ɗaya daga cikin waɗannan dole ya fara gano wanda ke riƙe da al'amarin a shekarar da yake nema, in ba haka ba zai yi ta tono a inda ba a binne komai ba.

Dole kuma in faɗi abin da na lura da shi game da masu tambayar kansu. Tambayoyin lafiya sukan yi yawa ne idan annoba ta ɓarke, su kuma yi shiru idan ta lafa. Sanƙarau na 2015, wanda ya kama mutum sama da 8,000 ya kashe sama da 500, har aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu, irin lokacin ne da ya kamata mai bincike ya duba makonninsa ɗaya bayan ɗaya. Amma bashin maganin yara ba annoba ba ne, ba ya kashewa a rana ɗaya, don haka ba ya cika zaure. Ɗan adawa yakan yi tambaya domin ya kunyata gwamnati, ɗan masu rinjaye yakan yi tasa domin ya ba minista damar lissafa ayyukan alheri, kuma duka biyun ba safai suke dawowa bayan wata shida su ce: ranka ya daɗe, ka ce za a biya kafin ƙarshen shekara, an biya? A ganina rashin wannan tambaya ta biyu ya fi rashin rumbun intanet illa, domin rumbu yana ajiye abin da aka tambaya ne kawai.

Wanda bincikensa ya kai shi ga buƙatar takardar asali, yana da abin dogaro. A ranar 23 ga Fabrairun 2011, a ƙarshen riƙon ƙwaryar Janar Salou Djibo, an sa hannu a kan doka mai lamba 2011-22, wadda ta ba jama'a ikon neman bayanai da takardun hukuma. Shawarata ita ce a rubuta buƙatar a taƙaice, a ambaci ranar zaman da sunan ministan da aka kira, a yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a sa a buga hatimi da ranar wata a kan ɗayan a dawo da shi gida. Ma'aikacin rumbu yana iya taimakon wanda ya ce masa zaman Asabar kaza na watan kaza yake nema. Wanda ya ce masa yana son duk abin da aka faɗa a kan lafiya kuwa, zai sha shayi ne ya koma. Shi ya sa aikin jarida da kalanda ke zuwa kafin tafiya Yamai, inda jaridar hukuma da Rumbun Tarihi na Ƙasa suke.

Wannan tono ba na tarihi ba ne kawai. A watan Agustan 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta daga 1 ga Satumba, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke jaka 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara musu. Talaka ya ji sauƙi, kuma na ga haka da idona a bakin taga inda ake yankar tikiti. Amma wannan ma umarni ne, kamar na 2005 da 2006, kuma yana ɗauke da tambaya iri ɗaya: gibin da ragin ya bari a asusun asibiti, wa zai cike shi, kuma cikin wata nawa? Yanzu akwai Majalisar Ba da Shawara ta Sake Gina Ƙasa, wadda aka ƙaddamar a Yunin 2025 a ƙarƙashin Mamoudou Harouna Djingarey, kuma jihar Tawa tana da wakilai a cikinta. Kwamitinmu ya yanke shawarar rubuta wa ɗaya daga cikinsu, kuma mun tsara tambayar yadda ba za a iya amsa ta da "an ware" ba: daga 1 ga Satumban 2024 zuwa yau, nawa ne cibiyoyin lafiya na jihar Tawa suka nema a mayar musu, nawa aka tantance, nawa ya shiga asusunsu, gunduma bayan gunduma, kuma takardar neman biya mafi daɗewa da ba a biya ba ta wane wata ce. Za mu haɗa da kwafin tsofaffin amsoshin ministoci da na tara, kowace da ranarta da shafin jaridar da ta fito, domin wakilin ya san abin da aka riga aka faɗa kafin ya miƙe tsaye.